Shaidu, Likita da Ciwon Ajali: Mai Tsaya wa Kansa a Shari'ar Gado

Garin Illela, wanda yake bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai arewa da birnin Sakkwato, yana kallon Birnin Ƙonni ido da ido, gari ne da dukiya mai ɗimbin yawa take yawo a cikinsa ba tare da an ɗora alƙalami a kan takarda ba. Domin a kasuwar kara ta ran Lahadi, inda ake sauke shanu da raƙuma da tumaki daga ƙasar Adar da abin da ke bayanta, mutum yakan karɓi bijimai goma bisa amana, ya ce sai kasuwa mai zuwa, a tafa a rabu, ba wanda ya ji sai dillali da Ubangijin da ya halicce su. Wannan ma'amala tana tafiya lami lafiya muddin masu yin ta suna numfashi. Ranar da ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya kuwa, aka share makoki, masu ta'aziyya suka watse, to, sa'an nan ne mai bin bashi yake fitowa, da wanda aka yi wa kyauta, da wanda aka bar wa wasiyya, da matar da ake gardamar ko sakakkiya ce ko tana ɗaki, kowa da maganarsa, alhali mutumin da zai iya cewa i ko a'a yana kwance a makwancinsa.

Mutane da yawa suna zaton wuyar shari'ar gado tana wajen lissafi ne. Ba nan take ba. Ilmin fara'ili a ƙayyade yake, kuma ko wane alƙali da magatakardansa sun san rabi da rubu'i da tumuni ba sai sun buɗe littafi ba. Inda ake kai ruwa rana shi ne wajen tabbatar da mene ne ainihin tarikar, watau dukiyar da mamaci ya bari, wane ne magaji, kuma a wane hali mamacin yake a ranar da ya bayar, ko ya saki, ko ya aura, ko ya yi iƙirarin bashi. Waɗannan duka al'amura ne da sai an kawo hujja a kansu, hujjar kuwa ba ta wuce bakin shaidu da abin da likita ya gani.

Tun daga shekarar 2000, lokacin da Jihar Sakkwato ta sake fasalin kotunanta a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, ƙarar gadon Musulmi tana farawa ne a kotun Shari'a, ƙarama ko babba gwargwadon nauyin dukiyar, ta hau har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta ikon duba al'amuran aure da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado. Dokar shaida ta tarayya ta 2011 ba ta ɗaure waɗannan kotuna a shari'ar da ba ta laifi ba, saboda haka ma'aunin da ake auna shaida da shi shi ne fiƙihun Malikiyya, irin wanda yake cikin Risala da Muhtasar na Shaihu Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, watau littattafan da alƙalan ƙasar nan suke hukunci da su tun kafin zuwan Turawa. A zamanin En'e ma lauya ba ya taka kotun alƙali, sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka buɗe masa ƙofa; don haka tsayawar mutum da bakinsa gaban alƙali ita ce asali a wurinmu, ba abin kunya ba ce, kuma har yau mafi yawan masu shari'ar gado a garuruwa irin su Illela ba su ɗaukar lauya, ko don rashin hali, ko don ganin bai kamata a sa bare cikin maganar gida ba. Sai dai wanda ya zaɓi wannan hanya ya ɗora wa kansa aikin da lauya zai yi masa, aikin nan kuwa ana gama shi ne tun a gida, kafin masinja ya kira suna.

Abu na farko da alƙali zai warware a zuciyarsa shi ne wane ne mudda'i, wane ne mudda'a alaihi, domin hujja tana wuyan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan mai musu. A nan ne da yawa suke ruɗewa, suna tsammanin wanda ya riga kai ƙara shi ne mai da'awa kullum, alhali a shari'a mai da'awa shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada. Gidan da aka san na mamaci ne asalinsa tarika ne. Wanda ya ce an ba shi kyautarsa shi zai kawo shaidu, ko da shi aka kai ƙara. Haka nan asalin ɗan Adam hankali ne da lafiya, saboda haka magajin da ya miƙe ya ce, “Allah gafarta Malam, lokacin da Baba ya yi wannan magana ba ya cikin hayyacinsa,” ya mai da kansa mudda'i a wannan gaɓa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce, “Kana da shaidu?”

Shaidun ma hawa-hawa ne. Abin da yake dukiya, ko yake komawa ga dukiya, kamar bashi da kyauta da wasiyyar kuɗi ga wani ayyanannen mutum, yana tabbata da maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Nasaba da saki kuwa sai maza biyu. Abin da mata kaɗai suke gani, kamar haihuwa, mata biyu sun wadatar. Mai bin mamaci bashi yana da ƙarin nauyi guda: ko ya cika shaidunsa, sai ya yi alwala ya rantse cewa ba a biya shi ba, bai yafe ba, bai karɓi wani abu a madadi ba, saboda wanda zai iya kare kansa ba ya nan, sai shari'a ta tsaya masa.

Amma fa ba kowane mai gaskiya ake karɓar shaidarsa ba, kuma wannan shi ne ramin da masu tsaya wa kansu suka fi faɗawa. Uba ba ya yi wa ɗa shaida, ɗa ba ya yi wa uba ko uwa, miji ba ya yi wa mata, mata ba ta yi wa miji. Maƙiyi ba ya shaida a kan maƙiyinsa. Kuma duk wanda shaidarsa za ta jawo masa amfani ko ta kau da wata hasara daga kansa, to, tuhuma ta shige ta. Ɗan'uwa ma ba ya yi wa ɗan'uwansa sai in ya shahara da fifikon adalci. To, dubi ɗakin majinyaci a ƙasar Hausa: wa ke ciki in ba matansa da 'ya'yansa da ƙannensa ba? Watau mutanen da suka fi kowa sanin abin da ya gudana su ne waɗanda shari'a ta fi tuhuma. Saboda haka mai neman hujja sai ya zauna ya tuna waɗanda suka zo dubiya: limamin unguwa da ya zo ya yi addu'a, maƙwabcin da yake leƙowa bayan Magariba, abokin ciniki da ya zo daga kara ya zauna suka yi lissafi, wanzamin da ya yi masa aski, direban da ya kai shi asibiti. Mutum biyu daga cikin irin waɗannan, waɗanda za su iya faɗin rana da wuri da abin da kunnensu ya ji, sun fi cikin mota guda na dangi, domin a Malikiyya idan hujjoji biyu suka yi karo ana rinjayarwa ne da fifikon adalci, ba da yawan kawuna ba. Kuma shaidar da ya ce “na ji ana cewa” bai ba da shaida ba, in ban da 'yan wurare da aka yarda da shaidar ji saboda shahara, kamar mutuwa da nasaba da daɗaɗɗen waƙafi.

Bayan kowane shaida ya gama, alƙali zai juyo ga abokin shari'a ya tambaye shi ko yana da suka. Wannan dama ce mai tsada, wadda kunya takan sa a zubar da ita. Sau da yawa za ka ga matashi, an kawo dattijo sa'an mahaifinsa ya ba da shaida a kansa, an ce yana da suka, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Ai Kawu ne, ba ni da ta cewa,” alhali ya san Kawun nan abokin tarayyar mai da'awa ne a cinikin da ake gardama a kansa. Ladabi abu ne mai kyau, amma ana iya faɗin illa cikin ladabi, kuma abin da aka yi shiru a kansa a wannan lokaci magatakarda zai rubuta shi ne a matsayin yarda. Haka kuma kafin hukunci dole alƙali ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko akwai sauran wata hujja. Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe shari'a saboda rashin wannan tambaya kaɗai.

Yanzu sai maganar ciwo, wadda ita ce zuciyar al'amarin, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Tambayoyi biyu ne mabambanta ake yi game da majinyaci, mutane kuwa sukan cakuɗa su. Ta farko: shin hankalinsa yana tare da shi a lokacin da ya yi maganar? In babu hankali, to, babu kyauta, babu wasiyya, babu iƙirari, duka sun faɗi. Ta biyu: ko da hankalinsa garau yake, shin ciwon da yake ciki irin wanda ake jin tsoron mutuwa da shi ne, kuma a cikinsa ya rasu? In haka ne, to, shari'a ta riga ta taƙaita hannunsa a kan dukiyarsa saboda haƙƙin magada, ba shi da ikon kyauta sai a cikin sulusi, daidai da wasiyya, wasiyya kuwa ba ta halatta ga magaji sai da yardar sauran magada.

A ƙaddara wani dillalin shanu ya rasu, bayan an fitar da kuɗin likkafani an biya basussuka, abin da ya rage, har da wani gida na naira miliyan 6, ya kama naira miliyan 9. Sai yaron gidansa, wanda ba magaji ba ne, ya ce Alhaji ya ba shi gidan nan. Idan ya tabbatar da cewa an ba shi Alhaji yana lafiya, kuma ya karɓi makulli ya shiga, ko ya zuba 'yan haya yana karɓar kuɗi, tun kafin ciwo ya kwantar da mai bayarwa, gida ya zama nasa ɗungum, magada su raba miliyan 3. Idan an ba shi cikin lafiya amma bai taɓa karɓa ba har Alhaji ya kwanta ya rasu, kyauta ta ɓaci don rashin hauzi, watau karɓar abin a hannu, ba shi da ko bulo ɗaya. Idan kuwa a kan gadon ciwon ajali aka ba shi, da hankali cikakke, to, rabonsa sulusi ne, watau miliyan 3, sauran ya koma tarika. Da a ce amaryar Alhaji ce aka bai wa a wannan hali, da ba ta da komai a gidan sai tumunin da za ta raba da kishiyoyinta, in akwai 'ya'ya, sai fa in magada sun ga dama sun bar mata. Magana ɗaya ce daga bakin mutum ɗaya, amma hukuncinta ya rabu gida huɗu, abin da ya raba shi kuwa kwanan wata ne da halin jiki, da hauzi, da kuma ko wanda aka bai wa magaji ne.

Ba kyauta kaɗai ba. Wanda ya saki matarsa cikin irin wannan ciwo ya mutu a cikinsa, matar tana gadonsa a Malikiyya ko da iddarta ta cika, kai, ko da ta yi wani aure. Asalin wannan kuwa hukuncin Sayyidina Usmanu ne a kan Tumadir, matar Abdurrahman ɗan Aufu. Wanda kuma ya ɗaura aure cikinsa, auren abin rushewa ne, in ya mutu kafin ya warke matar ba ta gado. Iƙirarin bashi ga magajin da aka san ya fi so shi ma yana shiga tuhuma.

Abin sha'awa shi ne malaman fiƙihu ba su riƙe wa kansu hukuncin wane ciwo ne mai ban tsoro ba, sai suka miƙa shi ga masana magani: Shaihu Halilu, wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 8 na Hijira, ya rataya al'amarin ne ga abin da likitanci ya hukunta cewa ana yawan mutuwa da shi, ya ba da misali da tarin fuka da zazzaɓi mai tsanani, ya haɗa da mai cikin wata shida da wanda ke cikin sahun yaƙi. Ke nan kiran likita kotun Shari'a ba baƙon abu ba ne da aka aro daga Turawa. Har ma a wasu babuka malamai sun sassauta, suka ce idan an rasa adilai a karɓi maganar likitan da ba Musulmi ba, domin labarin masani ne yake bayarwa a kan sana'arsa. Ciwo mai daɗewa kuwa, wanda mutum yake fita da shi yana harkokinsa, kamar ciwon sukari ko hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki da ta lafa, ba ya hana kyauta, sai in ya tsananta ya kwantar. Don haka ɗaga katin asibiti a ce “ga shi, shekara biyar yana jinya” bai tabbatar da komai ba tukuna.

Abin da ke da amfani shi ne fayil ɗin da ke ajiye a asibiti, ko a Babban Asibitin Illela, ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin a cikinsa ne ake samun ranar kwantarwa, da sunan ciwo, da abin da malaman jinya suke rubutawa safe da yamma game da ko majinyaci yana gane mutane, yana amsa magana, ko kuwa yana sambatu, da kuma allurar kashe zafi da aka yi masa wadda takan gusar da hayyaci na 'yan sa'o'i. Ma'aikatan asibiti ba za su miƙa wa kowa wannan fayil don ya ce shi ɗan mamaci ne ba, kuma suna da gaskiya, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta musu tsare sirrin majinyaci, amma ta halatta bayyanawa da umurnin kotu. Hanya ita ce mutum ya roƙi alƙali a zaman kotu ya aika da takarda a kawo fayil, a kuma yi wa likitan da ya duba mamacin da idonsa sammaci. Takardar da wani likita ya rubuta bayan wata shida, bai taɓa ganin majinyacin ba, ba ta da nauyi, balle maganar mai kemis da ya zo gida ya sa ruwa. Idan likita ya zo, kada a ɓata lokacinsa da tambayar ko Alhaji mutumin kirki ne. A tambaye shi wane ciwo ne, ya kai wane matsayi a wannan mako, ana yawan tashi daga irinsa ko ba a yi, kuma ranar kaza da aka ce ya yi magana mene ne aka rubuta game da hankalinsa. A tambaya kuma ko sallamarsa aka yi don ya sami sauƙi, ko kuwa dangi ne suka ɗauke shi bayan an ce musu su koma gida su ci gaba da addu'a, domin waɗannan biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake a unguwa duka “an sallamo shi” ake cewa. Haka nan kasancewar mutum yana da kati a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware bai nuna ba shi da hankali a wata ayyananniyar rana ba. Mai taɓin hankali da mai ruɗewar tsufa suna da lokutan farkawa, wasiyyar da aka yi a cikinsu kuwa ingantacciya ce. Likita yana faɗin abin da zai yiwu ne, waɗanda suka zauna a ɗakin a wannan sa'a su ne za su faɗi abin da ya auku, shi ya sa ɗaya ba ya wadatarwa daga ɗaya.

Zaman bakin iyaka yana ƙara nasa nauyin. Mutanen wannan yanki da yawa suna jinya a Ƙonni ko a asibitin mishan na Galmi, takardun can kuwa galibi da Faransanci suke, sai an nemi tafintan da kotu ta amince da shi. Sammacin alƙalin Illela ba ya tsallake shingen kwastan, ko da shaidan yana wurin da babur zai kai cikin 'yan mintoci, saboda haka lallashi ne kaɗai zai kawo shi. Waɗanda shari'arsu ta faɗo cikin rufe iyaka na 2019 ko na 2023 sun san abin da wannan yake nufi. Gona ko garken da ke cikin Nijar kuma sai an bi ta hukumomin can.

Akwai wurare biyu da minti guda yake juya dukiya daga wannan gida zuwa wancan. Idan uba da ɗa suka rasu a haɗarin mota ɗaya a kan hanyar Sakkwato, ba a san wanda ya riga cikawa ba, ba su gadon juna, kowa masu rai daga magadansa su gaje shi. Amma in takardar asibiti da shaidu suka nuna ɗan ya kai har gadon asibiti da ransa bayan uban ya cika a wurin haɗarin, to, ya gaji ubansa, rabon nan kuma ya gangara ga nasa magadan. Haka jaririn da aka haifa bayan rasuwar ubansa: ana dakatar da rabo sai an sauka, in ya yi kuka ya koma ya yi gado kuma an gaje shi, in bai nuna rai tabbatacce ba babu gado, shaidar wannan kuwa ungozoma ce da wata macen da ta halarta.

Game da takardar wasiyya da akan tsinta cikin akwati ko tsakanin shafukan littafi, ko da an tabbata rubutun hannun mamaci ne, Malikiyya ba su zartar da ita idan bai kafa shaidu a kanta ba, bai kuma ce a zartar ba, domin mai yiwuwa ne ya rubuta yana shawara sa'an nan ya fasa. Muryar da aka naɗa a waya ita ma abin da za ta iya zama shi ne ƙarina, watau alama mai ƙarfafa shaidu. Kuɗin banki da na fansho kuwa sukan bukaci takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar izinin kula da tarika wadda ake karɓa a rajistar Babbar Kotun Jiha, wannan kuwa hanya ce daban da ta rabon.

Wanda ya ga shari'ar ta fi ƙarfinsa, musamman gwauruwa mai marayu, yana iya wakilta wani amintacce ya yi magana a madadinsa, ko ya nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a a Sakkwato. Wanda kuma ya tsaya da kansa, ya tabbata duk abin da ya roƙa, da duk sukar da ya yi, da kowace takarda da ya miƙa, sun shiga littafin kotu, domin alƙalan sama ba su sake kiran shaidu bisa al'ada, abin da aka rubuta a ƙasa shi suke karantawa. Ranar da aka yanke hukunci alƙali zai faɗi wa'adin ɗaukaka ƙara, wanda galibi kwana 30 ne; in ba ka gamsu ba, ka nemi kwafin shari'a a wurin rajista tun a wannan mako, kada ka jira sai dangi sun gama shawara.